Wai hagu da dama ɗin nan na siyasa, ina aka samo su kuma me suke nufi?

Ummu Hanifa: Salam 'yan uwa, dan Allah masu bin siyasar duniya ku fitar da ni daga duhu. Kullum a labarai sai ka ji an ce jam'iyya kaza ta hagu ce, waccan ta dama ce, wata kuma wai tsattsauran ra'ayin dama. Ni a tunanina hagu su ne na talaka, dama kuma na masu kuɗi, to sai ga shi a Faransa a 2023 Macron da ake kira ɗan tsakiya shi ne ya kafe sai an ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, ita kuma Marine Le Pen da ake cewa can ƙuryar dama take ita ce ke cewa ba ta yarda ba, bakinta ɗaya da ƙungiyoyin ƙwadago. To ina hagun ina daman kenan?

Autan Gida: Ni dai kowane ne ku rubuta ni a dama, Allah ya sa mu karɓi littafinmu da hannun dama hhhh

Malam Bashir: Auta wannan daban wancan daban, kar ka ruɗa mutane tun ba a fara ba. Ummu Hanifa abin daga wurin zama ya samo asali, ba wani sirri a ciki. A 1789 lokacin juyin juya halin Faransa majalisa ta zauna tana muhawara kan ko za a bar wa Sarki Louis na 16 ikon hawa kujerar naƙi, wato ya iya taka wa doka birki bayan majalisa ta amince da ita. Masu son a bar wa sarki ƙarfinsa, yawancinsu 'yan sarauta da manyan limaman coci, suka taru a hannun daman shugaban zaman, masu son a rage wa sarki ƙarfi suka koma hagu. Shikenan suna ya bi su har yau. Amma abin da nake so ki lura da shi, waɗancan na hagun farko ba 'yan gurguzu ba ne, da yawansu lauyoyi ne da masu dukiya da ke son a sakar wa kasuwa mara a daina fifita mutum don gidan da aka haife shi. Wato ra'ayin da yau ake kira na dama a tattalin arziki, a wancan zauren a hagu yake zaune. Sai da masana'antu suka bunƙasa ma'aikata suka yi yawa, Karl Marx da ire-irensa suka fito a tsakiyar ƙarni na 19, sannan aka turo 'yan kasuwa zuwa dama.

Kwamared Auwal: Allah gafarta Malam tarihi ya yi daidai amma kar a wahalar da baiwar Allah. Maganar a taƙaice take, hagu na tare da mai aiki, dama na tare da mai ɗaukar aiki. Awa takwas na aiki a rana, hutun ƙarshen mako, hana sa yara aiki a ma'aikatu, mafi ƙarancin albashi, duk wa ya yi gwagwarmayarsu in ba ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyun hagu ba? Asibiti kyauta da Ingila ke taƙama da shi gwamnatin Labour ce ta kafa shi a 1948. Le Pen kuma neman ƙuri'a take yi, ba son talaka ba.

Alhaji Tasi'u: Kwamared ka fara ko? To ni ma bari in taƙaita irin taka, hagu na son raba dukiya, dama na son a fara samar da ita tukuna. Me za ka raba in ba a nema ba? Tarayyar Sobiyat ta shekara kusan 70 tana raba daidai har ta ruguje a 1991 mutane na layin kayan masarufi. Sin kuwa sai da Deng Xiaoping ya buɗe ƙofa ga kasuwa daga 1978 sannan aka ga canji, Bankin Duniya da kansa ya ce kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a shekaru arba'in. Kasuwa ce ta yi wannan, ba taken gurguzu ba.

Kwamared Auwal: Alhaji kasuwar da jam'iyyar kwaminis ke riƙe da linzaminta? Manyan bankunan Sin na gwamnati ne, ƙasa ma ba a sayar maka da ita, haya ake ba ka na wasu shekaru. In wannan ne jari-hujjarka to mun gode, a kawo mana irinta.

Anti Binta: Ku biyun nan kun ga abin da kuka yi kuwa? Ƙasa ɗaya, kowa ya ja ta ɓangarensa kuma kowa na da hujja. Wannan shi ne amsar tambayar Ummu Hanifa ai, layi ɗaya ba zai ɗauki komai ba. Ƙanwata ki raba abin gida biyu a ranki. Akwai tambayar aljihu: wa zai mallaki kamfanoni, nawa za a karɓa haraji, gwamnati ce za ta kula da lafiya da ilimi ko kowa tasa ta fisshe shi. Akwai kuma tambayar zamantakewa: addini, iyali, al'ada, baƙi masu shigowa ƙasa, kishin ƙasa. Mutum zai iya zama hagu a ta farko ya zama dama a ta biyu, kuma wallahi irinsu sun fi yawa a duniya fiye da yadda ake zato. Le Pen saboda maganar baƙin haure da kishin ƙasa da tarihin jam'iyyar da ta gada wajen mahaifinta ake sa ta a ƙuryar dama, amma a maganar fansho ta san ma'aikata ne da yawa daga masu zaɓenta. Ki duba Poland ma, jam'iyyar PiS da ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ga riƙo da coci, ga tsanani kan zubar da ciki da baƙi, amma ita ce ta fara biyan iyaye zloty 500 duk wata kan yara a 2016, ta kuma rage shekarun ritaya. Sai ki juya Denmark, jam'iyyar Mette Frederiksen, wadda ta zama firaminista a 2019, ta hagu ce tun asalinta, ta ma'aikata, amma kan baƙin haure ta fi wasu jam'iyyun dama na Turai tsanani.

Ummu Hanifa: Anti to in haka ne ai kalmomin ba su da amfani kenan, a watsar da su mana kowa ya huta

Malam Bashir: A'a ban tafi can ba. Akwai wani masanin Italiya, Norberto Bobbio, da ya yi rubutu kan wannan a 1994 daidai lokacin da ake ta cewa hagu da dama sun mutu tunda yaƙin cacar baka ya ƙare. Abin da ya tsaya a kai shi ne daidaito. Ɗan hagu in ya ga wani a sama wani a ƙasa, abin da ke fara zuwa ransa shi ne mutane ne suka tsara haka kuma ana iya gyarawa. Ɗan dama kuma yana ganin yawancin bambancin nan ɗabi'ar rayuwa ce, ko sakamakon ƙoƙari, ko kuma wani tsari ne da aka daɗe ana ginawa wanda in ka rushe shi da gaggawa abin da zai biyo baya ya fi muni. Ni a ganina wannan ma'aunin yana aiki har yanzu. Ɗauki kowace rigima, harajin gado, albashin mata da maza, haƙƙin baƙo da ɗan ƙasa, za ki ga wani na cewa a rage tazara wani na cewa a bi a hankali akwai dalilin tazarar.

Alhaji Tasi'u: Malam wannan ma'aunin naka ya ɗan karkata fa, ya sa mu kamar masu son zalunci. Ba wanda ke son ganin talaka na wahala. Abin da muke cewa shi ne a daidaita mutane a gaban doka da wajen samun dama, amma ba a daidaita sakamako ba. Wanda ya yi sammako da wanda ya kwanta barci ba za su tashi da abu ɗaya ba, in ka tilasta hakan gobe ba mai yin sammako.

Anti Binta: Alhaji wanda aka haifa a gidan da babu kuɗin makaranta fa, barci ya yi?

Alhaji Tasi'u: Shi ya sa na ce wajen samun dama Hajiya. Makaranta kam a yi wa kowa, ban musa ba.

Anti Binta: To da kuɗin wa? Haraji dai. Ka ga ka matso hagu da taku ɗaya ba ka sani ba, sannu da zuwa

Autan Gida: An kama Alhaji hhhh, Kwamared a ba shi jar hula

Malam Bashir: Ba abin kunya ba ne ai, manyan 'yan dama sun yi fiye da haka. Bismarck na Jamus ɗan mazan jiya ne na bugawa a jarida, mai sarki ne, a 1878 ya kafa dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan gurguzu da tarukansu da jaridunsu. Shi ɗin dai shi ne ya kawo inshorar lafiya ta ma'aikata a 1883, ta haɗari a wurin aiki a 1884, fanshon tsufa a 1889. Ba don ya tuba ba, lissafinsa shi ne ma'aikacin da ke jiran fansho daga gwamnati ba zai yi saurin shiga juyin juya hali ba. Haka asibitin Ingila da Kwamared ya ambata, 'yan Conservative sun dawo mulki a 1951 ba su rushe shi ba, Thatcher ma da ta sayar da kamfanin tarho da na gas ta karya yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, ta bar shi yana nan. Abin da jiya ake kira tsattsauran ra'ayi yau ya zama tsakiya, tsakiyar kanta tafiya take yi.

Kwamared Auwal: Yauwa Malam, ka faɗa da bakinka, tsoronmu ne ya sa Bismarck ya yi. Ba don matsin lambar hagu ba da ko sisi ba za a ba ma'aikaci ba.

Malam Bashir: Na yarda da rabin wannan. Amma tsakiyar ba hagu kawai take tafiya ba Kwamared, tana komawa dama ma. A Amurka zamanin Eisenhower, ɗan Republican fa, harajin da ake ɗora wa ƙololuwar kuɗin shigar manyan masu kuɗi ya kai kashi 91 cikin ɗari. Reagan ya same shi a 70 ya bar shi a 28. Yau ko ɗan Democrat ya ce a koma 91 sai a ce ya zauce. Tony Blair kuma da ya karɓi Labour cire tsohon alƙawarin jam'iyyar ya yi na mallakar masana'antu a hannun jama'a, a 1995, kafin ya ci zaɓe.

Sadiya M.: Ni abin da ke ɗaure min kai Amurkar ce. An ce Republican su ne dama, amma na karanta Lincoln da ya 'yanta bayi ɗan Republican ne?

Anti Binta: Haka ne Sadiya. A lokacin Democrat ce jam'iyyar masu bayi a kudu. Abin ya juya a hankali, musamman bayan Lyndon Johnson ɗan Democrat ya sa hannu a dokar haƙƙin farar hula ta 1964, fararen kudu suka riƙa sulalewa zuwa Republican. Ko kwanan nan ma ai kin gani, Republican ɗin Reagan kasuwanci ba shinge suke wa'azi, Republican ɗin Trump kuma harajin shigo da kaya suke ƙaƙabawa, abin da a da ƙungiyoyin ƙwadago ne ke roƙo. Kar sunan jam'iyya ya ruɗe ki, ki duba me take yi a shekarar da kike magana a kai.

Ustaz Nura: Assalamu alaikum, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni tambayata ita ce dole ne sai kowa ya shiga wannan layin? Zaure ne na Faransawa da rigimarsu da sarkinsu da cocinsu. Ɗauki Musulunci, ya halatta ciniki da mallakar dukiya da gado, har an ruwaito cewa da aka nemi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi a Madina bai yi ba, Alhaji zai ji daɗin wannan. Amma kuma ya wajabta zakka ɗaya cikin arba'in, haƙƙi ne na talaka ba alfarma ba, ya haramta riba da ɓoye kaya don su yi tsada, kuma akwai hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta, Kwamared zai ji daɗin wannan. To a ina za ku ajiye shi?

Malam Bashir: Allah ya gafarta Malam, tambaya mai kyau. Ba Musulunci kaɗai ba ma, cocin Katolika haka take ba su wahala, kan iyali da zubar da ciki a dama ake lissafa ta, amma a Latin Amurka limamai da yawa tare da talakawa suka tsaya har aka harbe Archbishop Oscar Romero a El Salvador a 1980 yana tsaka da jagorantar ibada. Sai dai zan ce wani abu, ko ba ka karɓi sunan ba tambayar za ta same ka. In aka zo rubuta kasafin kuɗi dole a yanke ko a ƙara haraji ko a rage, ko a sayar da kamfanin wuta ko a riƙe, kuma za ka ga malamai biyu masu karatu ɗaya sun rabu a kai.

Ustaz Nura: Wannan gaskiya ne, saɓani kam ana samu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce in ka ɗauki ɗaya sai ka haɗiye duk kayan da ke cikin buhun, wai tunda ina son a taimaki talaka dole in yarda da duk abin da 'yan hagun Turai ke faɗa kan aure da iyali.

Anti Binta: Ba dole ba ne kam Ustaz, haɗin nan siyasar zaɓe ce ta ƙulla shi, ƙasar da jam'iyyu biyu ne ke da ƙarfi dole kowace ta tara mutane iri-iri a inuwa ɗaya. Stalin ma, shugaban Tarayyar Sobiyat, ai a 1936 haramta zubar da ciki ya yi bayan an halatta shi a 1920, wa zai ce masa ɗan dama?

Alhaji Tasi'u: Tunda an ambaci Stalin bari in tuna wa Kwamared kayansu. Yunwar Yukren ta 1932 zuwa 1933, yunwar Sin zamanin Mao, Pol Pot a Kambodiya, miliyoyin rayuka. Kai Hitler ma ai akwai gurguzu a sunan jam'iyyarsa.

Kwamared Auwal: Haba Alhaji, wannan tsohuwar magana. Hitler da ya hau mulki a 1933 su wa ya fara kwashewa zuwa sansanin Dachau? 'Yan kwaminis da 'yan gurguzu. A watan Mayun shekarar ya rushe ƙungiyoyin ƙwadago, manyan kamfanoni irin su Krupp kuma suka ci gaba da zama a hannun masu su suna cin riba. In suna ne hujja to Koriya ta Arewa ma dimokuraɗiyya ce. Kuma in lissafin gawa za a yi, cinikin bayi da abin da Sarki Leopold na Beljiyam ya yi a Kongo saboda roba fa, 'yan gurguzu ne? Pinochet da ya kifar da Allende a Chile a 1973 ya kawo masana kasuwa daga Chicago, sama da mutum 3,000 aka kashe ko suka ɓata, wannan naku ne.

Malam Bashir: Kan Hitler Kwamared ya fi gaskiya, masana tarihi a ƙuryar dama suke sa shi saboda aƙidarsa gaba ɗaya kan fifikon wata ƙabila a kan sauran aka gina ta, kishiyar daidaito kenan. Amma Kwamared na lura ba ka ce komai kan Stalin ba, tsallakewa ka yi. Ga wani ma'auni na uku da bai kamata a manta ba, shin mutum ya yarda a kayar da shi a zaɓe ya tafi gida? Ya yarda jarida ta zage shi? Ɗan gurguzun Sweden da Stalin duk hagu ake ce musu amma ɗan Sweden ɗin ya fi kusa da Angela Merkel ta dama nesa ba kusa ba. Ni kafin in tambayi mutum hagu yake ko dama wannan nake fara dubawa.

Kwamared Auwal: Ban kare Stalin ba Malam kuma ba zan kare shi ba. Irin na Sweden nake nufi.

Alhaji Tasi'u: Sweden ɗin da ta soke harajin gado a 2004 kuma gwamnatin 'yan gurguzun ce a kan mulki? Wadda ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi? Ƙasar Volvo da IKEA da Spotify? Ai jari-hujja ce tsantsa Kwamared, haraji ne kawai mai yawa.

Kwamared Auwal: Ba su da dokar ne saboda ƙungiyoyin ƙwadagonsu na da ƙarfin da za su zauna da masu kamfani su yanke albashi da kansu. Ka yarda a ba ma'aikatanka irin wannan ƙarfin? Ka yarda da harajin nasu?

Alhaji Tasi'u: In zan ga aikin da aka yi da kuɗin, me zai hana

Sadiya M.: Ni fa yanzu na kasa gane wa ke hagu wa ke dama tsakanin Alhaji da Kwamared, duk Sweden suke so

Anti Binta: Hhhh Sadiya kin gano su. Wani abin dariyar ma, akwai inda gwamnati ta taɓa ƙirƙiro hagu da dama da hannunta. Babangida a 1989 ya ƙi rajistar ƙungiyoyin da 'yan siyasa suka kafa, ya yi jam'iyyu biyu, SDP kaɗan zuwa hagu, NRC kaɗan zuwa dama, gwamnati ta rubuta musu manufofi ta gina musu ofisoshi. Da aka zo zaɓen 1993 wa jam'iyyar hagun ta tsayar? Abiola, ɗaya daga manyan attajiran nahiyar. Mutane ba takardar manufa suka bi ba, inda mutanensu suke suka bi. Aƙida ba a rabata kamar rigar makaranta, sai in akwai wata rigima ta gaske a ƙasa da ta raba mutane, irin ta ma'aikata da masu masana'antu a Turai.

Ummu Hanifa: Na gode ƙwarai wallahi na ƙaru. Saura ɗaya, shi Macron ɗin da na fara tambaya, tsakiya aƙida ce ko dai rashin aƙida ne?

Kwamared Auwal: Dama ce mai jin kunya. Mutumin da ya soke harajin dukiya ya bar shi kan gidaje da filaye kawai, ya wuce da dokar fansho ba tare da majalisa ta kaɗa ƙuri'a a kanta ba, wace tsakiya?

Alhaji Tasi'u: Minista ne fa a gwamnatin Hollande ta 'yan gurguzu kafin ya kafa tasa jam'iyyar a 2016, daga gidanku ya fito Kwamared

Malam Bashir: Ummu Hanifa a aljihu ya karkata dama, a zamantakewa da maganar Tarayyar Turai ya fi kusa da masu sassaucin ra'ayi, shi ya sa kowane ɓangare ke tura wa ɗayan shi. Kwamared batun wuce majalisa kuma sashe na 49.3 ne na kundin tsarin mulkinsu, kuma wanda ya fi kowa amfani da shi a tarihi Michel Rocard ne, firaministan 'yan gurguzu.

Kwamared Auwal: Rocard ai ko a cikin jam'iyyar tasu ɗan dama ake ce masa Malam